Jinyar Tsofaffi da Iyakokin Ƙananan Hukumomi: Wa Zai Biya, Wa Zai Mora a Ƙasar Kurfai?

Tun da gwamnatin Nijar ta zaftare rabin kuɗin magani a asibitocinta daga watan Satumba na 2024, zancen inshorar lafiya ya ƙara yawa a bakin jama'a. Sai dai abubuwa uku sun cakuɗe a cikin zancen, alhali maganin kyauta daban, ragin farashi daban, inshora kuma daban. Akwai kuma wani zato da ke biye da su, wai da zarar ƙananan hukumomi sun haɗa asusu guda, dattijon da ke cikin garin Filinge da tsohuwar da ke wani ƙauye a bayan Sanam sun zama daidai ke nan. Ƙasashen da suka riga mu gwadawa sun ga cewa abin ba haka yake ba. Haɗa asusu yana maganin wata matsala, yana kuma iya lulluɓe wata.

Kalmomin da ya kamata a bambance

Inshora, wadda a Nijar ake ce wa asirans daga Faransanci, yarjejeniya ce ta zuba kuɗi kaɗan-kaɗan tun ana lafiya, domin a ɗauki nauyin duk wanda ciwo ya faɗa wa daga cikin masu zubin. Ba adashi ba ce. A adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, abin da ya zuba shi ne zai dawo masa. A inshora mutum yana iya shekara goma yana biya bai karɓi ko dala ba, maƙwabcinsa kuwa ya biya sau ɗaya a kashe masa jika ɗari. Shi ya sa yawan masu zubi yake da muhimmanci: in sun yi kaɗan, majinyata biyar masu nauyi sun isa su ƙarar da asusun.

Jinya mai tsawo kuma ba maganin zazzaɓin kwana uku ba ce. Ɗawainiya ce da wanda ya kasa yi wa kansa abubuwan yau da kullum, kamar wanka da cin abinci da zagayawa da juyawa a kan shimfiɗa. Wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, wanda ya makance, wanda gigin tsufa ya kama, wanda ciwon suga ya ci masa ƙafa, duk a nan suke. Irin wannan jinya ta fi cin hannu da lokaci fiye da ƙwaya da allura, kuma takan ɗauki watanni ko shekaru.

A tsarin mulkin Nijar, komin ita ce ƙaramar hukuma, wadda bisa doka magajin gari ke shugabanta. Sama da ita akwai gunduma, sama da gunduma akwai jiha. Ƙananan hukumomi suna iya haɗewa su narke su zama guda, da kasafi ɗaya da majalisa ɗaya. Suna kuma iya yin haɗin gwiwa kawai, kowace ta riƙe sunanta da kasafinta amma su haɗa hannu a kan aiki guda, kamar asibiti ko motar ɗaukar marasa lafiya. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta yarda da irin wannan haɗin gwiwa.

Adalci tsakanin yankuna kuwa yana da ma'auni uku: nawa mutumin kowane yanki yake biya, me yake samu a zahiri, da kuma ko yana da ta cewa a inda ake yanke shawara. Yawancin gardamar da ake yi ta tsaya ne a kan na farko, alhali na biyu ne ya fi ciwo.

Abin da ke akwai a yau

A Nijar babu inshorar jinya mai tsawo. Abin da ke akwai shi ne fanshon ma'aikatan gwamnati, da asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni, waɗanda ba su shafi manomi ko makiyayi ko mai tallar fura ba. Akwai tsarin maganin kyauta da aka shigo da shi a 2005 da 2006, wanda ya shafi tiyatar haihuwa da awon ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma an daɗe ana kuka da jinkirin da gwamnati ke yi kafin ta biya asibitoci kuɗin da suka kashe. Tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ɗora wa gwamnati alhakin kula da tsofaffi, amma alkawarin bai zama asusu ba. A farkon shekarun 2020 an soma gwada inshorar lafiya ta matakin gunduma a Gaya ta jihar Doso da Gotai ta jihar Tillaberi, da tallafin Enabel, hukumar raya ƙasashe ta Beljiyam. Ita ma ta magani ce, ba ta ɗawainiyar gida ba. To amma duk ranar da aka zo maganar tsofaffi, a kan irin wannan harsashi za a ɗora ginin, don haka yadda aka shata iyakar asusun tun yanzu yana da tasiri.

Filinge: ƙasar da aka raba, ba a haɗa ba

Garin Filinge, a ƙasar Kurfai, yana da nisan kusan kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin kwarin Dallol Boso. Da aka kafa ƙananan hukumomi a 2002, aka kuma yi zaɓensu na farko a Yuli 2004, gundumar Filinge ta ƙunshi guda bakwai. A 2011 aka ƙara yawan gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63, sai aka ɓalle Abala ta zama gunduma da ƙananan hukumomin Abala da Sanam, aka ɓalle Baleyara da ƙaramar hukumar Tagazar ita kaɗai. Filinge ta rage da huɗu: birnin Filinge, Kurfai ta Tsakiya mai hedikwata a Shikal, Imanan mai hedikwata a Bonkuku, da Tondikanje mai hedikwata a Damana.

Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Filinge mutane kusan 307,000, Abala kusan 144,000, Baleyara kusan 107,000. Wato jama'ar da a da suka haura rabin miliyan a ƙarƙashin gunduma guda sun rabu uku. Rabuwar ta kusantar da hukuma ga mutane, wannan ba a musu. Amma ga mai lissafin inshora, kowace rabuwa ƙanƙantar da asusu ce. In aka ce za a yi inshora gunduma-gunduma, Baleyara za ta tsaya da ƙaramar hukuma ɗaya tak, Abala kuma za ta tsaya ita da matsalolinta.

Kuma yankunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Baleyara tana da kasuwar dabbobi da ke cikin manya a yammacin Nijar, ga ta a kan kwalta, tsakiyar hanya zuwa Yamai. Bonkuku tana cikin kwari inda ruwa ke kusa, ana noman dankalin Turawa da rani. Ƙauyukan da ke kan tudu kuwa sun dogara da geron damina guda da abin da 'yan cin rani suka aiko. Abala tana karɓar 'yan gudun hijirar Mali tun 2012, ta shiga dokar ta-ɓaci tun Maris 2017, sa'annan daga farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jihar Tillaberi, alhali babur ne ke kai mara lafiyar ƙauye likita. Inda buƙata ta fi yawa, nan ne kuɗin shiga ya fi ƙaranci.

A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na harkar lafiya, tare da ilimi da ruwan sha da muhalli. Amma ƙaramar hukumar da ta dogara da harajin kai da na kasuwa ba ta da aljihun da za ta ɗauki jinyar shekaru. A ɗauki Imanan, wadda jama'arta ba su kai 40,000 ba a 2012. A matsayin misali kawai, a ce manya 15,000 sun yarda su zuba jika guda kowannensu a shekara. Sefa miliyan 15 ke nan. A cire albashin masu riƙe littafi da man motar asibiti, a ga abin da zai rage wa masu shanyewar jiki. In shekarar ta zo da fari kuwa, rabin masu zubin ba za su biya ba, kuma a lokaci guda za su kasa, domin damina ɗaya suka dogara da ita.

Gwajin Boboy da Say

Ba yau aka fara tambayar yadda za a tara kuɗin magani ba, kuma ba nesa aka fara ta ba. A 1993 Nijar ta gwada hanyoyi biyu na biyan kuɗin magani. A Say, mara lafiya ne kaɗai ke biya: sefa 200 ga babba, 100 ga yaro, a kan kowace rashin lafiya. A Boboy, wadda ke kudu da Filinge a kan kwarin Dallol ɗin nan, an ƙara sefa 200, wato dala arba'in, a kan harajin shekara na kowane mai biyan haraji, sa'annan mara lafiya ya ba da sefa 50 kawai, yaro 25. An bar Illela ba a canja komai ba don a sami abin kwatantawa. A wuraren gwajin biyu an wadata likitoci da magani.

Sakamakon ya nuna cewa a Boboy mata da yara da talakawa sun fi samun zuwa likita, kuma kuɗin da aka tara a kan kowane mutum ya ninka na Say. Duk da haka, bayan dokar 1995 hanyar da ta bazu a ƙasa ita ce ta biya a bakin ƙofa.

Gwajin Boboy hujja ce mai ƙarfi ga masu son asusun haɗaka. Amma a cikinsa ma tambayar nisa take. Dala arba'in ɗaya ce ga wanda likita ke bayan gidansa da wanda sai ya yi yini a kan amalanke. Har yau kusan rabin 'yan Nijar suna zaune ne nesa da kilomita 5 daga cibiyar lafiya. In kowa ya biya daidai, amma na kusa ya fi zuwa, to kuɗin na nesa ne ke tafiya wajen na kusa, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Abin da ya faru a Japan

Ƙasar da wannan tambaya ta fi fitowa fili ita ce Japan. Jamus ta riga ta kafa inshorar jinya a 1995, amma da ma'aunin biya ɗaya a duk ƙasa. Japan ta fara tata a Afrilu 2000, ta kuma damƙa ta a hannun ƙananan hukumomi. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biya. Rabin kuɗin daga haraji yake fitowa, rabi daga zubin jama'a, kuma kowace ƙaramar hukuma ce ke tsayar da abin da 'yan shekara 65 zuwa sama za su riƙa biya, bayan kowace shekara uku. Matsakaicin zubin ya tashi daga yen 2,911 a wata a farkon tsarin zuwa 6,225 a zangon da ya fara a 2024. A wannan zango, a birnin Osaka ana biyan 9,249, a tsibiran Ogasawara 3,374. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya, amma wani yana biyan kusan ninki uku na wani.

A daidai wannan lokaci aka yi babbar haɗewar ƙananan hukumomi, yawansu ya sauko daga 3,232 a 1999 zuwa 1,727 a 2010. Wasu kuma ba su haɗe ba, sai suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa don gudanar da inshorar tare. A jihar Fukuwoka ƙananan hukumomi 72 ne suka haɗu a 1999 da kuɗin zubi ɗaya. Ba a daɗe ba aka lura cewa abin da ake kashe wa tsofaffin wasu garuruwa ya ɗara na wasu nesa ba kusa ba, waɗanda ke kashe kaɗan suka fara ƙorafin cewa suna ɗauke wa wasu kaya. A 2005 aka kasa garuruwan rukuni uku, kowane rukuni da nasa kuɗin zubi, gwargwadon abin da yake ci daga asusun.

Abin lura shi ne, ƙarancin kashewa ba kullum yake nufin tsofaffin wurin sun fi lafiya ba. Sau da yawa yana nufin babu gidan jinya ko mai jinyar da zai iya kaiwa can. Bayan haɗewa, ofis da ma'aikata sukan tattara a tsakiyar sabuwar hukumar, ƙauyen bayan dutse ya zama gefe. Kafin haɗewa ana ganin bambancin a takarda, domin kowace hukuma da lissafinta. Bayan haɗewa lissafi ya zama ɗaya, bambancin yana nan amma ba a ganinsa. Japan ta yi ƙoƙarin rage wannan ta hanyoyi biyu: gwamnatin tsakiya tana ware kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin tsarin don daidaita tsakanin hukumomi masu yawan tsofaffi tukuf ko masu ƙaramin ƙarfi da sauran, kuma ana ƙara wa masu kai jinya gida-gida a tsibirai da duwatsu kashi 15 cikin 100 a kan ladansu.

Kusa da gida, Gana ta fara inshorar lafiyarta a 2003 da asusun gunduma-gunduma, a 2012 ta narkar da su cikin tsari ɗaya na ƙasa, kuma 'yan shekara 70 zuwa sama ba sa biyan zubi. Senegal ta cika ƙasa da ƙananan asusun taimakon juna na komin, amma waɗanda aka kafa a matakin gunduma a Kungel da Funjun daga 2014, da ma'aikata masu albashi, su ne suka fi tsayawa da ƙafarsu. Duk inda aka duba, tafiyar daga ƙaramin asusu ne zuwa babba.

Ra'ayoyi uku

Na farko na masu cewa a bar asusu a komin. Hujjarsu amana ce: a can an san wanda ya biya, an san wanda ya kwanta, an san gidan mai riƙe kuɗin. Ba ƙaramar hujja ba ce a ƙasar da aka daɗe ana karɓar kuɗi ba a ga inda suka shiga ba. Ƙasar Kurfai ma tana da tarihinta a kan haka, domin a tsakiyar shekarun 1920 daga Shikal ne aka yi boren da ya haɗa da ƙin biyan haraji da aikin tilas na Nasara. Raunin wannan ra'ayi shi ne lissafin da aka riga aka gani: asusun ya yi ƙanƙanta, kuma komin mai kasuwa za ta ci gaba da fin maras kasuwa har abada.

Na biyu na masu cewa a haɗa a matakin gunduma ko fiye. Lissafi yana bayansu, tarihin Gana da Senegal ma haka. Abin da sukan tsallake shi ne darasin Fukuwoka.

Na uku na masu ganin duk maganar ba ta taso ba. Ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, 'yan shekara 65 zuwa sama kuma ba su wuce 3 cikin 100 ba, ga tamowa ga zazzaɓin cizon sauro ga rashin tsaro, ina ta ga kuɗin jinyar tsofaffi? Kuma kula da iyaye farilla ce a kan 'ya'ya, ga zumunta ga zakka. Wannan ra'ayi yana da gaskiya a kan fifiko, kuma babu mai hankalin da zai ce a gina gidajen ajiye tsofaffi a Damana ko Shikal. Inda ya gaza shi ne zaton cewa jinyar gida kyauta ce. Wata ce ke biya: matar ɗa da ta bar sana'arta, ko jikanyar da aka cire daga makaranta ta zauna da kaka. Samari suna Yamai ko Kwatano ko Abijan, wasu sun tsallaka Libiya. Inda rikici ya tashi ƙauye kuwa, zumuntar da ake dogara da ita ta watse tare da shi.

Abin da zai biyo baya

A ganin wannan sharhi, haɗakar ta zama dole, amma ba haɗewar hukumomi ake bukata ba. Ba wanda zai iya mayar da Abala da Baleyara ƙarƙashin Filinge, kuma babu dalilin gwadawa. Abin da ya fi dacewa shi ne haɗin gwiwar ƙananan hukumomin nan bakwai a kan asusu guda, domin hanyar mara lafiya ba ta san taswirar 2011 ba. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin likitan ƙauye yana gangarowa Filinge, in ya gagara a bi kwalta ta Baleyara zuwa manyan asibitocin Yamai, ba garin Tillaberi ba, duk da cewa can ce hedikwatar jiharsa. Makiyayi kuwa damina tana iske shi a arewa, rani a cikin kwari. Katin da ke aiki a gunduma ɗaya kawai ba shi da amfani a wurinsa.

In aka haɗa asusun aka tsaya nan, sakamakon a bayyane yake. Mutanen Filinge da Baleyara da na bakin kwalta za su mori abin, na ƙauyukan nesa su biya shekara ɗaya ko biyu su ga ba su sami komai ba, su daina. Asusun ya koma na 'yan gari da sunan na kowa. In kuma aka bi hanyar Fukuwoka aka rage wa na nesa kuɗin zubi, an rage musu zafi amma ba a kai musu jinya ba, kuma an amince ke nan su zauna a baya.

Hanya ta uku ta fi wuya. Kuɗin sufuri ya shiga cikin abin da asusu ke biya, tunda shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin na kusa da na nesa. Wasu gundumomin lafiya na Nijar sun daɗe suna ƙara ɗan abu a kan kuɗin ganin likita don biyan motar ɗaukar marasa lafiya, don haka ba baƙon abu ba ne. Jinyar ita ce za ta je wajen tsoho: ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya riƙa zagayawa yana auna hawan jini, yana duba gyambon kwanciya, yana koya wa masu jinya yadda ake juya mara lafiya, a kuma biya shi fiye da takwaransa na gari saboda nisa. Gibin da ke tsakanin komin mai ƙarfi da maras ƙarfi kuwa ba aikin maƙwabta ba ne su kaɗai. Tun 2008 Nijar tana da hukumar ANFICT mai riƙe da asusun daidaita ƙananan hukumomi, kuma irin wannan ne aikin da aka kafa ta dominsa.

Sai maganar ta cewa. A Afrilu 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka a yanzu babu zaɓaɓɓun da za su zauna su yi ciniki a madadin Sanam ko Imanan. Yarjejeniyar da kantomomi suka sa wa hannu tana iya zuwa da sauri, amma masu zubi ne za su riƙe ta ko su sake ta. Saboda haka ko asusun ya zama ɗaya, bai kamata littafinsa ya zama ɗaya ba. A kowace shekara a karanta a gaban hakimai da masu gari da ƙungiyoyin mata nawa aka tara daga kowace komin, nawa aka kashe wa mutanenta, tsofaffi nawa aka ziyarta a gida, a kuma ware na cikin gari da na ƙauyukan da suka wuce kilomita 5 daga likita.